Yadda Annoba Ta Yi Ɓarna A Gidajen Tsofaffi Na Ƙasar Kanada

Ran Lahadi, 29 ga watan Maris, 2020, da yamma, waɗansu ma'aikatan hukumar lafiya suka shiga wani gidan jiyyar tsofaffi da ake kira Herron, a garin Dorval, kusa da babban filin jirgin saman birnin Montiriyal na ƙasar Kanada. Masu gidan ne suka aika cewa ma'aikata sun yi musu ƙaranci. Abin da aka tarar a ciki ya wuce a kira shi ƙaranci. Tsofaffi wajen 130 ne a gidan, amma masu duba su a wannan yammaci mutum uku ne kacal. Waɗansu suna kwance cikin fitsari da bayan gida, ƙunzugun da aka ɗaura musu ya kwana ya wuni ba a canza ba. Waɗansu leɓunansu sun bushe don ƙishirwa. Abinci ya huce a kan faranti, babu mai ba su a baki. Wata babbar likita ta hukumar da ta ga haka, sai ta buga waya gida ta kirawo mijinta da 'ya'yanta, suka zo suka taya ta raba abinci da ruwa.

Gidan nan ba na matalauta ba ne. Na 'yan kasuwa ne, kuma abin da ake biya wa kowane tsoho a wata yakan kama daga dala 3,000 har zuwa 10,000 ta kuɗin Kanada. Labarin bai fito fili ba sai ran 10 ga Afrilu, da jaridar Montreal Gazette ta buga shi. Kashegari Firimiyan Lardin Kwibek, François Legault, ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce mutum 31 sun mutu a gidan cikin wata ɗaya, ya kuma ce a ganinsa an yi babban sakaci. Kafin damina ta ƙasarsu ta kama, yawan mamatan ya kai 47.

Da wannan gida shi kaɗai ne, da sai a ce tsautsayi ne ko kuwa rashin imanin masu shi. To, amma ba shi kaɗai ba ne. Cibiyar da ke tattara ƙididdigar lafiya a Kanada ta bayyana a watan Yuni na 2020 cewa fiye da kashi 80 daga cikin 100 na duk waɗanda cutar korona ta kashe a ƙasar zuwa ƙarshen Mayu, mazauna gidajen tsofaffi ne. Wannan kaso ya kai ninki biyu na abin da aka gani a tsakanin takwarorinta ƙasashe masu arziki. Gaskiya ne kason ya yi girma ne kuma domin Kanada ta yi ƙoƙari wajen kare sauran jama'arta, ba a mutu a titi da asibiti kamar yadda aka yi a Italiya ko Amurka ba. Amma wannan ba abin wanke kai ba ne, sai ma ƙara tambaya da yake yi: ƙasar da ta iya kare mai ƙarfi, me ya hana ta kare mai rauni?

Su wane ne a ciki

Kafin mu ci gaba, ya kamata mai karatu ya san irin gidan da ake magana a kai, domin ba abu ne da muka saba da shi ba. Kada kuma a yi saurin cewa ai 'ya'yansu ne suka yasar da su. Akwai masu yin haka, kamar ko'ina. Amma galibin waɗanda ake kaiwa irin waɗannan gidaje mutane ne da suka haura shekara 80, waɗanda hidimarsu ta fi ƙarfin iyali: wanda ɓarin jikinsa ya mutu, wanda ba ya iya riƙe fitsari, wanda sai an ɗaga shi da na'ura kafin ya zauna a keken guragu, wanda sai an juya shi kowane awa biyu don kada gyambo ya fito masa. A Lardin Ontariyo, kimanin biyu daga cikin kowane uku suna fama da gigin tsufa, irin wanda mutum zai manta 'yarsa, ya fita tsakar dare yana neman gidan da ya bari shekara hamsin da suka wuce. Sau da yawa matar da ke jiyyarsa ita ma ta ba tamanin baya, ɗan da ke duba shi kuwa ya kusa saba'in.

Irin wannan mutum ba a yi masa hidima daga nesa. Wanda zai yi masa wanka, ya goge masa baki, ya ba shi abinci cokali-cokali, dole numfashinsa ya haɗu da nasa. Ma'aikaci guda kuma yakan bi mutum goma ko fiye a jere kowace safiya. Wannan shi ne tushen al'amarin duka.

Ƙwayoyin cutar numfashi ba baƙi ba ne a gidajen nan. Kowane hunturu sukan shigo. Akwai murar influwenza, 'yar'uwar marisuwar da ta yi ɓarna a duniya a 1918. Akwai wata ƙwaya da likitoci ke kira RSV, wadda aka gano a 1956, aka daɗe ana zaton ta jarirai ce kawai, daga baya aka gane tana kwantar da tsofaffi kusan kamar influwenza. Akwai kuma wata danginta da aka gano a ƙasar Holan a 2001. Abin da yake mura ta kwana uku ga saurayi, ga tsoho yakan gangara huhu ya zama namoniya, ko ya tayar da ciwon zuciyar da ke kwance. Garkuwar jikinsa ta yi sanyi, tarinsa ba shi da ƙarfin fid da majina, ga shi a kwance kullum.

Wani abin da ke ruɗa ma'aikata shi ne tsoho ba lalle ya yi zazzaɓi ba. Wani sai dai a ga ya ƙi abinci, ko ya faɗi, ko ya ƙara rikicewa, ko ya yi ta barci. Mai gigin tsufa kuwa ba zai ce ƙirjinsa na ciwo ba.

Duk da haka, gidajen suna da dabarar da suka daɗe suna bi. Kowace kaka a yi wa tsofaffi da ma'aikata allurar rigakafin influwenza. In aka ga mutum biyu sun kamu da tari da zazzaɓi cikin kwana biyu a sashe ɗaya, sai a sanar da hukumar lafiya, a ɗauki majina a kai ɗakin gwaji, a tsare marasa lafiya a ɗakunansu, a liƙa takarda a bakin ƙofa don masu ziyara. In influwenza ce, sai a raba wa kowa ƙwayar Tamiflu, har da wanda bai kamu ba. Akan yi asarar rayuka kaɗan, bayan mako biyu ko uku a cire takardar. Dabarar nan ta dogara ga abu uku ne, watau allura, da magani, da ganin alama a jikin mai cuta. Korona ta zo babu allurarta, babu maganinta, alamar ma ba ta nunawa sai ta gama yaɗuwa.

Gemun maƙwabci

Ba za a ce ba a yi gargaɗi ba. A ƙarshen watan Fabrairu na 2020 cutar ta ɓulla a wani gidan tsofaffi a garin Kirkland na Jihar Washinton a Amurka, tafiyar 'yan sa'o'i kaɗan a mota daga iyakar Kanada. Masu bincike na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka sun ƙidaya mutum 167 da suka kamu ta dalilin wannan gida: tsofaffi 101, ma'aikata 50, masu ziyara 16. Kashi ɗaya daga cikin uku na tsofaffin da suka kamu sun mutu. Tun tsakiyar Maris hukumar ta faɗa a rubuce cewa ma'aikatan da ke aiki a gida fiye da ɗaya suna daga cikin abin da ya yaɗa cutar zuwa waɗansu gidajen.

Sa'an nan aka yi wani gwaji a wani gidan na wannan yanki, aka auna kowa da kowa, mai tari da marar tari. Daga cikin mutum 48 da aka samu da ƙwayar, 27 ba su da wata alama ko kaɗan ranar da aka auna su, alhali kuwa ƙwayar ta cika musu hanci. Yawancinsu sai bayan 'yan kwanaki ciwon ya bayyana. Ma'anar wannan a fili take. Ma'aunin zafi da ake ɗora wa ma'aikaci a goshi a bakin ƙofa ba zai tare komai ba, ware mai tari kaɗai kuma ihu ne bayan hari.

A Kanada ma, mutum na farko da cutar ta kashe tsoho ne ɗan shekara tamanin da wani abu, mazaunin gidan Lynn Valley a arewacin birnin Bankuba. An sanar da mutuwarsa ran 9 ga Maris. Watau tun gawa ta farko cutar ta nuna inda ta dosa.

Amma hankalin hukumomi yana wani wuri. Abin da ake gani a talabijin a lokacin asibitocin arewacin Italiya ne, inda gado da na'urar taimakon numfashi suka ƙare. Saboda haka duk shirin da aka yi na asibiti ne. Takunkumin fuska da safar hannu da rigar kariya, asibiti aka fara kaiwa. Gwaji, asibiti aka fara yi. A Kwibek har aka kwashi ɗaruruwan tsofaffi daga gadajen asibiti aka mai da su gidajen jiyya don a sami wurin kwantar da masu korona, aka kuma nemi gidajen su rage aika marasa lafiya asibiti. Watanni suka zo, gadaje da yawa a asibiti suna nan babu kowa, gidajen da aka ƙara wa kaya kuwa suna ta fid da gawa.

Wannan fifiko yana da tsohon asali. Dokar lafiya ta Kanada ta 1984, wadda 'yan ƙasar ke alfahari da ita domin tana tabbatar wa kowa magani kyauta, likita da asibiti ta ɗauka. Ba ta sa gidajen tsofaffi cikin abin da ya wajaba ba. Kowane lardi ya tsara nasa, wani na gwamnati, wani na ƙungiyoyin agaji da coci, wani na kamfanoni masu neman riba. A Ontariyo a 2020 fiye da rabin gidaje 626 na kamfanoni ne. Daga cikin gidajen nan 626 kuwa, tara kacal aka yi wa cikakken binciken shekara a 2019, kamar yadda gidan radiyo da talabijin na ƙasar, CBC, ya gano. Kayan kariyar da lardin ya tara bayan annobar SARS ta 2003, wadda ta kashe mutum 44 a yankin Toronto, an bar su har wa'adinsu ya ƙare, aka lalata mafi yawansu, ba a maye gurbinsu ba.

Mai aiki gida uku

Tsohon da ba ya iya sauka daga gado ba shi ne zai je kasuwa ya ɗauko cuta ba. Kawo masa ake yi. Bayan an hana ziyara a tsakiyar Maris, ƙofa ɗaya ta rage, ita ce ta ma'aikata, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin da yawa sun zarge su ba tare da sanin halin da suke ciki ba.

Masu hidimar nan, waɗanda su ne ke yin wanka da ciyarwa da goge-goge, galibinsu mata ne, da yawansu baƙi ne daga Filifin da Haiti da ƙasashen Afirka. A Montiriyal akwai masu neman mafaka da yawa a cikinsu, waɗanda suka ƙetaro daga Amurka da ƙafa ta hanyar Roxham, hanyar da 'yan Nijeriya suka fi kowa binta a 2018. A gidajen 'yan kasuwa na Kwibek albashinsu a lokacin bai fi mafi ƙanƙantar ladan da doka ta yanke da wani abin kirki ba, kamar dala 13 ko 14 a awa. A Ontariyo fiye da rabinsu ba su da cikakken aiki. Gida yakan ɗauki mutum rabin lokaci don ya guje wa biyan haƙƙoƙin cikakken ma'aikaci, ciki har da ladan ranar da ya kwanta ciwo. Mace mai 'ya'ya da kuɗin haya a kanta, ina za ta? Sai ta yi safe a wannan gida, ta yi yamma a wancan, ran Asabar kuma kamfanin dillancin ma'aikata ya tura ta na uku. In ta tashi da ɗan ciwon maƙogwaro, ta san in ta zauna gida babu kuɗin ranar. Sau da yawa ma ba ta jin komai, ƙwayar na tare da ita.

Haka cutar ta yi ta tsallakawa daga gida zuwa gida cikin motar bas. Da ta kama ma'aikatan kansu kuma sai bango ya rushe gaba ɗaya. Waɗansu suka kwanta, waɗansu aka ce su killace kansu kwana 14, waɗansu suka ga babu takunkumi babu safa, suka ji tsoron kai wa 'ya'yansu, suka ƙi zuwa. A cikin Afrilu dubban ma'aikatan lafiya ne ba sa bakin aiki a Kwibek. Firimiya Legault ya yi ta roƙo a talabijin, har manyan likitoci ya ce su zo su taimaka da wanka da ciyarwa.

A nan ne hana ziyara, wadda aka yi da kyakkyawar niyya, ta juya ta zama wata masifar. Hukuma ta ɗauki duk mai shigowa daga waje a matsayin ɗan gaisuwa. Ashe a cikinsu akwai matan da kullum sukan zo su zauna awa biyu suna lallashin mazajensu su haɗiye abinci, da 'ya'yan da su kaɗai uwarsu ke yarda ta karɓi ruwa daga hannunsu. Waɗannan hannuwa ba sa cikin takardar albashi, don haka ba wanda ya san yawan aikin da suke ɗauke wa gidan sai da aka rufe musu ƙofa ran 14 ga Maris. Ba a sake buɗe musu sosai ba sai cikin Mayu. A tsakanin nan, ba duk wanda ya mutu korona ce ta kashe shi ba. Lokacin da Legault ya sanar da mutuwar mutum 31 a Herron, biyar ne kawai aka tabbatar suna da ita, ko da yake da yawa ba a auna su ba. Binciken da aka yi daga baya ya ji shaidar ƙishirwa da yunwa.

Labule tsakanin gado da gado

Ginin kansa ma ya taimaki cutar. A Ontariyo a lokacin akwai dubban gadaje a gidajen da aka gina bisa ƙa'idar 1972 ko wadda ta girme ta, inda ake kwantar da mutum huɗu a ɗaki ɗaya, labule ne kawai tsakaninsu, makewayi ɗaya. Gwamnatoci sun yi ta alkawarin sabunta su shekara da shekaru. A ƙaramin garin Bobcaygeon akwai irin wannan gida mai gado 65, sunansa Pinecrest. Babu ɗakin da za a ware mai ciwo. Cikin 'yan makonni mutum 28 suka mutu, kusan rabin gidan, in aka haɗa da wata mata da ke zuwa jiyyar mijinta, mamatan sun zama 29.

Masana na birnin Toronto sun bi gidaje fiye da 600 na lardin suka kwatanta. Suka ga inda aka cunkusa mutane, yawan kamuwa da yawan mutuwa duka sun ninka na inda kowa ke da ɗakinsa ko kuwa mutum biyu-biyu. Wani binciken ya nuna cutar na shiga gidan kamfani da na gwamnati kusan daidai, amma in ta shiga na kamfani ta fi yin ɓarna, babban dalili kuwa shi ne tsofaffin gine-ginen sun fi yawa a hannun kamfanonin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ran 22 ga Afrilu, Kwibek da Ontariyo suka nemi soja. Firayim Minista Justin Trudeau ya amince, amma ya ce bai kamata a ce a Kanada soja ne ke kula da tsofaffi ba. Aka tura fiye da dubu Kwibek, aka tura 'yan ɗaruruwa gidaje biyar a kewayen Toronto. Sojojin nan da suka ga abin da suka gani, sai suka rubuta wa manyansu, Birgediya Conrad Mialkowski ya haɗa rahoto, Firimiyan Ontariyo Doug Ford ya fito da shi ran 26 ga Mayu. A ciki akwai kyankyasai da ƙudaje da ruɓaɓɓen abinci. Akwai tsofaffin da ke kiran taimako na dogon lokaci ba mai amsawa. Akwai masu cutar da aka bari suna yawo cikin waɗanda ba su kamu ba, da ma'aikatan da ke bin ɗaki-ɗaki da safar hannu guda. Akwai ɗura abinci da gaggawa har mutum ya shaƙe. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda sojojin suka ce ma'aikata na tsoron taɓa kayan aiki domin an nuna musu kuɗi ne. A ɗaya daga cikin gidajen biyar, Orchard Villa a garin Pickering, fiye da mutum 70 suka mutu.

Kyankyaso dai ba korona ce ta kawo shi ba. Iyalai da ƙungiyoyin ma'aikata sun daɗe suna faɗin waɗannan abubuwa, ba a saurare su ba sai da mai kaki ya faɗa.

Mai cewa duk wannan ƙaddara ce da ba makawa, sai ya dubi Lardin Biritish Kolombiya, inda cutar ta fara kisa. Babbar jami'ar lafiya ta lardin, Dokta Bonnie Henry, tun ƙarshen Maris ta fara tsare kowane ma'aikaci a gida ɗaya, gwamnati kuma ta daidaita albashi don kada wanda aka tsare ya yi asara. Ana samun mutum ɗaya da cutar, ko ma'aikaci ne, sai a tura ayarin hukuma gidan. A can kuma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne ke kwana ɗaki ɗaya da wani, a Ontariyo kuwa fiye da kashi 60 cikin 100. Ontariyo ba ta tilasta wa ma'aikata sa takunkumi ba sai ran 8 ga Afrilu, dokar gida ɗaya kuwa ba ta fara aiki ba sai ran 22, ita ma ta bar ma'aikatan 'yan dillanci a waje. Zuwa 10 ga Satumba, 2020, tsofaffi 156 suka mutu a gidajen Biritish Kolombiya, a na Ontariyo kuwa 1,817. Jama'ar Ontariyo sun ninka na can sau uku ne kawai.

Ba Kanada kaɗai ta yi wannan kuskure ba. A Ingila an sallami mutum wajen 25,000 daga asibiti zuwa gidajen tsofaffi tsakanin tsakiyar Maris da tsakiyar Afrilu, ba tare da dokar auna kowa ba, kuma a watan Afrilu na 2022 Babbar Kotu ta ce tsarin ya saɓa wa doka domin bai lura da masu yaɗa cuta ba tare da alama ba. A Sifen sojojin da aka tura feshin magani sun tarar da gawarwaki a kan gado.

Zagaye na biyu

Da zafi ya shigo, cutar ta lafa, aka sami watanni na shiri. Kwibek, wadda ta rasa kusan mutum 4,000 a gidajen jiyya a zagayen farko, ta buɗe horo na wata uku don ɗaukar sababbin masu hidima 10,000, tana biyansu suna koyo, da alkawarin albashin dala 49,000 a shekara. Ta kuma sa shugaba mai alhaki a kowane gida, domin an gano waɗansu gidajen ba su da takamaiman mai ba da umarni a cikinsu. Gwamnatin tarayya a watan Agusta ta buɗe hanyar ba waɗansu masu neman mafakar da suka yi jiyya izinin zama na dindindin, ko da yake masu shara da masu gadi na gidajen ba su shiga ciki ba. Ontariyo ba ta yi irin wannan yunƙuri na ɗaukar ma'aikata a kan lokaci ba, zagaye na biyu kuwa ya fi na farko kisa a gidajenta.

Allura ta iso ran 14 ga Disamba, 2020. A Kwibek wata tsohuwa 'yar shekara 89 aka fara yi wa, a Toronto kuwa wata mai hidima ce. Amma kai allurar cikin gidaje ya yi jinkiri, domin ta farko tana bukatar sanyi mai tsanani, aka kuma yi hutun Kirsimeti. Cikin Janairun 2021, allura na cikin ƙasa, sabon nau'in ƙwayar da ya fito daga Ingila ya shiga gidan Roberta Place a garin Barrie. Kusan duk mazaunansa suka kamu, wajen 70 suka mutu. Bayan da allurar ta game gidajen, cikin watanni biyu zuwa uku mace-macen suka faɗi warwas, har zagaye na uku da ya cika asibitoci da matasa bai yi wa tsofaffin gidajen wata ɓarna mai yawa ba.

Sauran labarin na takardu ne. Hukumar bincike ta Ontariyo a ƙarƙashin Mai Shari'a Frank Marrocco ta miƙa rahotonta ran 30 ga Afrilu, 2021, ta ce lardin ba shi da wani shiri na kare gidajen, kuma sakacin ya samo asali daga gwamnatocin da suka gabata har zuwa mai ci. Tun kafin nan, a watan Nuwamba na 2020, majalisar lardin ta riga ta yi dokar da ta hana a kai ƙarar gida kan korona sai in an tabbatar da sakaci mai tsanani. Sabuwar doka ta 2021 ta ɗora burin a riƙa ba kowane tsoho hidimar awa huɗu a rana, maimakon awa biyu da minti 45 da ake yi a da. A watan Janairun 2023 aka fito da ƙa'idoji na ƙasa baki ɗaya, amma ba tilas ba ne, lardin da ya ga dama shi ke bi.

Game da Herron, an rufe gidan kafin ƙarshen 2020. Iyalai sun sasanta da masu shi a kan dala miliyan 5.5. A watan Agustan 2021 masu gabatar da ƙara suka ce shaidar da ke hannunsu ba ta kai a tuhumi kowa da laifi ba. Mai binciken musabbabin mutuwa, Géhane Kamel, wadda ta fid da rahotonta a watan Mayun 2022, ta raba alhakin tsakanin masu gidan da hukumar lafiyar yankin da ma'aikatar lardi, domin an ci gaba da mutuwa a gidan kwanaki da yawa bayan hukuma ta shiga, suna ta jayayya a kan wane ne ke da iko da makullai da takardun marasa lafiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauke korona daga matsayin annobar gaggawa a watan Mayun 2023, amma ƙwayar ba ta bar gidajen ba, ta dai shiga sahun influwenza da RSV ne a cikin baƙin hunturu. A wannan shekara ce aka sami allurar RSV ta farko ta tsofaffi, Ontariyo kuma ta fara yin ta kyauta a gidajen jiyya. A watan Yunin 2020 lardin ya hana a kwantar da sabon mutum a ɗakin da ya riga ya ƙunshi biyu. Gadajen da aka cire ta wannan hanya dubbai ne, sababbin gine-gine ba su tashi da saurin da aka yi alkawari ba, kuma zuwa 2023 masu jiran gado a lardin sun haura 40,000, waɗansunsu suna jira ne a kan gadon asibiti.